Tarihin Kumfa da Sautin da Kunne Ba Ya Ji

Cikin dukan abubuwan da a ke gani a ruwa babu abin da aka raina kamar kumfa. Yaro ya kan hura ta ya fasa don wasa, mai wanki ta kan kwashe ta ta zubar, har in mutum ya cika surutu babu aiki a kan ce kumfar baki ya ke yi. Amma ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Kumfar nan ta taɓa cinye farfelar tagulla ta jiragen yaƙin Ingila, ta sa manyan injiniyoyi sun rasa abin yi. Masana sun shafe shekara fiye da 100 kafin su gane abin da ke tura ta cikin ruwa, da abin da ke tara ta wuri ɗaya, da abin da ke sa ta fashe da ƙarfi irin wannan. Abin mamaki kuwa, mutumin da ya fara gano asirin bai taɓa nufin binciken kumfa ba.

Sunansa Carl Anton Bjerknes, ana faɗin sunan kamar Biyarknes. An haife shi cikin 1825 a birnin Kiristiyaniya na ƙasar Norwe, watau birnin da a ke kira Oslo yanzu. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a ma'adinin azurfa na Kongsberg, daga baya ya tafi Jamus neman ilmi, ya zauna a jami'ar Gottingen inda ya ji karatun wani shaihun malamin lissafi, Dirichlet, a kan yadda abu mai tauri ya ke tafiya cikin ruwa. Da ya komo gida aka naɗa shi malamin lissafi a jami'ar garinsu.

A zamanin nan akwai wata tambaya da ta dami masana ƙwarai. Mayen ƙarfe yana jawo allura alhali babu igiya tsakaninsu. Rana tana riƙe da duniya alhali babu abin da ya haɗa su. To, ta ina ƙarfin ya ke bi? Masana da yawa suka ɗauka cewa sararin nan duka cike ya ke da wani irin ruwa siriri wanda ido ba ya gani, hannu ba ya taɓawa. Sai Bjerknes ya yi tunani ya ce, in haka ne, watakila ƙananan ƙwayoyin da aka gina kome da su numfashi su ke yi cikin ruwan nan, suna kumbura suna motsewa, numfashin ne kuma ke sa su jawo juna. Ya shafe shekaru yana lissafi, lissafin ya nuna masa lalle abu biyu masu numfashi cikin ruwa za su ja juna ko su ture juna.

Bai tsaya ga takarda ba. Aka ƙera masa 'yan ƙananan ganguna masu fuskar roba, aka haɗa su da famfon iska ta hanyar bututu, aka nutsar da su cikin kwatarniyar ruwa. In famfo ya tura iska fuskar ganga ta kumbura, in ya zuƙe ta lotsa, haka sau da yawa cikin sakan ɗaya. Da aka sa ganguna biyu suna kumbura tare suna lotsawa tare, sai ga su suna matsowa kusa da juna. Da aka saɓa musu, wannan tana kumbura lokacin da waccan ta ke lotsawa, sai suka guje wa juna. Har wa yau, in aka ninka nisan da ke tsakaninsu sau biyu, ƙarfin ya kan koma rubu'i, daidai da yadda Newton ya faɗa game da rana da duniya.

Dalilin wannan ya kamata mai karatu ya riƙe shi da kyau, gama dukan sauran labarin a kansa ya rataya. Kowa ya san in an danna gora cikin kogi ruwa ya kan turo ta sama, babbar gora kuma ta fi ƙarama wuyar dannawa. Abin da ke faruwa shi ne ruwa yana tura abu daga wurin da matsi ya yi yawa zuwa wurin da matsi ya yi sauƙi, ƙarfin turin kuwa gwargwadon girman abin ne. To, ganga mai numfashi tana sa matsin ruwan da ke kewaye da ita ya hau ya sauka, saboda haka maƙwabciyarta ta kan sha turi yanzu, ta sha ja an jima. Da girman maƙwabciyar ba ya sakewa, da turi da ja sun ci juna, ta tsaya inda ta ke. Amma ita ma numfashi ta ke yi. Misalinta kamar mutum ne cikin kwalekwale, iska tana busowa daga gabas ta juya ta buso daga yamma, shi kuwa ya kan baza babbar rigarsa in ta buso daga gabas, ya naɗe ta in ta juyo. Ko da ya ke iskar ba ta fifita wani gefe ba, mutumin nan yamma zai yi ta tafiya.

Cikin 1881 aka yi babban baje kolin kayan lantarki a birnin Faris, Bjerknes ya kai gangunansa. Ɗansa Vilhelm, saurayi ɗan shekara 19, shi ne mai juya famfo yana nuna wa 'yan kallo. Manyan masanan Turai suka taru suna mamaki, aka ba shi takardar girmamawa. Sai dai akwai wata ƙaya a cikin abin. A sha'anin lantarki da na mayen ƙarfe, iri ɗaya ture juna su ke yi, mabambanta su ja juna. Gangunan Bjerknes kuwa akasin haka su ke. Ruwa siririn nan da a ke zato kuma aka neme shi aka rasa, har cikin 1905 Einstein ya nuna ba a bukatarsa. Tsohon ya rasu cikin 1903. Ɗan ya cika wa mahaifinsa haƙƙi, ya tattara aikinsa cikin littafi biyu da Jamusanci, cikin 1900 da 1902, ya kuma karantar da shi a birnin Niyu Yok, aka buga karatun cikin 1906. Daga nan ya juya ga binciken iska da hadari, har ya zama uban masu hasashen yanayi na zamani. Mutane suka ɗauki gangunan abin wasan wani dattijo da ya ɓata lissafinsa a banza. Lissafin kuwa babu kuskure a cikinsa. Abin da ya rage shi ne a sami wani abu cikin halitta mai yin numfashi a ruwa, kuma ba a daɗe ba ya bayyana kansa ga maƙeran jiragen ruwa.

Cikin 1893 kamfanin Thornycroft, a bakin kogin Temis kusa da Landan, ya ƙaddamar da wani ƙaramin jirgin yaƙi mai suna Daring. An yi lissafin zai yi gudun mil 31 a awa, amma da aka gwada shi ya tsaya wajen mil 28, ko da ya ke injinsa lafiya lau. Kome wutar da aka ƙara, sai farfela ta yi ta juyawa a banza, jirgi yana karkarwa. Injiniyan kamfanin, Sydney Barnaby, ya gane cewa farfelar tana yaga ruwa ne. In fiffikenta ya yi sauri ainun, matsin da ke bayansa ya kan faɗi ƙasa ƙwarai, ruwa kuwa in aka rage masa matsi ya kan tafasa ko da sanyi ƙalau ya ke. Sai kogunan tururi su buɗe a bayan fiffike, farfela ta rasa abin da za ta tura. Aka yi ta sake farfela har aka faɗaɗa fikafikan da kusan rabi, sa'an nan jirgin ya wuce mil 32 a awa.

A daidai lokacin nan Charles Parsons, wanda ya ƙirƙiro injin tururi mai juyawa kamar mazari, ya gamu da wannan masifa a jirginsa Turbinia na 1894. Injinsa yana da ƙarfi na ban mamaki, amma jirgin bai wuce mil 23 a awa ba. Parsons mutum ne da ba ya yarda da abin da bai gani ba. Cikin 1895 ya ƙera wata 'yar ma'ajiyar ruwa mai tagogin gilashi, ya sa ƙaramar farfela a ciki, ya riƙa haska ta da walƙiyar fitila har ya ga kogunan da idonsa. Da ya fahimta sai ya raba aikin ga sanduna uku, kowace da farfela uku, tara ke nan. Ran 26 ga Yuni 1897, ana bikin cikar Sarauniya Biktoriya shekara 60 bisa gadon sarauta, jiragen yaƙi fiye da 150 sun yi sahu a Spithead, sai ga Turbinia ta kutso tsakaninsu ba da gayyata ba, tana gudun kusan mil 40 a awa. Aka tura jirgin 'yan gadi ya kama ta, ko ƙurarta bai gani ba.

An sami gudu, amma wata cuta ta ɓullo. Manyan jirage masu sauri su kan komo daga tafiya farfelarsu ta yi rami-rami kamar fuskar mai zanzana, wani lokaci cikin 'yan watanni kaɗan. Cikin 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Hukumar Jiragen Yaƙin Ingila ta kafa kwamiti a kan abin, Parsons yana ciki. Maganar ta kai kunnen Lord Rayleigh, babban masanin sauti na zamanin. Cikin 1917 ya rubuta wata gajeriyar takarda wadda har yanzu a ke karantawa. Ya fara da kukan da butar shayi ta kan yi kafin ta tafasa, wanda wani masani, Osborne Reynolds, ya riga ya ce ƙarar ƙwayoyin tururi ne suna rushewa in sun hau sun gamu da ruwan da bai yi zafi ba. Rayleigh ya lissafta yadda ruwa ya ke rugowa daga kowane gefe don ya cike kogo. Ya nuna in faɗin kogon ya ragu ya koma kashi 1 cikin 20, matsin da ke kusa da shi ya kan ninka na ruwan da ke kewaye sau 1,260. Ashe ba buɗewar kogo ke cin tagulla ba, rufewarsa ce, kamar ƙananan guduma dubu-dubu suna dukan wuri ɗaya. Manomin rani da ya taɓa jin injin ban-ruwansa yana ƙara kamar ya haɗiyi tsakuwa, in bakin tiyo ya toshe ko ramin ya yi zurfi, ya ji wannan guduma da kunnensa.

Daga baya, da aka sami na'urar ɗaukar hoto mai sauri, Benjamin da Ellis suka nuna cikin 1966 cewa kumfar da ke kusa da bango ba ta rushewa a dunƙule. Matsowa ta ke yi wajen bangon, gefenta na nesa ya lotsa, wata siririyar allurar ruwa ta huda ta ta soki ƙarfen. Me ya sa ta ke nufar bango? Ga ruwa, bango mai tauri kamar madubi ya ke: kumfar tana yi kamar akwai wata 'yar'uwarta a bayan bangon wadda ta ke kumbura tare da ita, ta motse tare da ita. Biyu masu numfashi tare kuwa jan juna su ke yi, kamar yadda aka gani a Faris cikin 1881.

Farfela ba ita kaɗai ke yaga ruwa ba, sauti ma yana yi. Sauti ba kome ba ne illa matsi da saki suna bin juna, suna tafiya cikin iska ko ruwa. Kunnen mutum yana ji in matsin yana zuwa har sau 20,000 cikin sakan ɗaya. Abin da ya wuce haka ba ya jinsa, ko da ya ke jemage yana ji, da shi ma ya ke neman hanya cikin duhu. Bayan jirgin Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙarar ruwa cikin 1912, mutum fiye da 1,500 suka halaka, sa'an nan jiragen Jamus masu nutso suka shiga nutsar da jiragen abokan gaba, sai aka matsu a sami hanyar gano abin da ke ɓoye cikin teku. Wani Bafaranshe, Paul Langevin, ya tuna da abin da malaminsa Pierre Curie da wansa Jacques suka tabbatar cikin 1881, cewa akwai wani farin dutse mai sheƙi kamar gilashi wanda ya kan miƙe ya motse in an sa masa lantarki. Langevin ya yi majefin sauti da shi, ya gwada a tashar jiragen Tulon, cikin 1918 har ya ji sautin ya bugi jirgi mai nutso ya komo. Amma masu kallo suka lura da wani abu: ƙananan kifayen da suka gifta ta gaban majefin mutuwa su ke yi nan take, wanda ya tsoma hannu kuma ya ji zafi mai tsanani.

Cikin masu kallon akwai wani Ba'amurke, Robert Wood. Abin bai bar ransa ba, har cikin 1927 shi da wani attajiri mai son ilmi, Alfred Loomis, suka gina majefi mai ƙarfin gaske a gidan attajirin kusa da Niyu Yok. Suka ga mai yana tashi kamar tudu bisa majefin, ruwa da mai suna gauraya su zama kamar madara, kwaɗi da kifaye suna mutuwa cikin minti ɗaya ko biyu, sandar gilashin da aka tsoma kuma tana ƙona yatsun mai riƙe da ita. Cikin ruwan kuwa ƙwayoyin kumfa suna fitowa daga inda babu su, suna gudu, suna taruwa a wurare sanannu. Kowace ƙwaya da sauti ya ratsa dole ta motse in matsi ya zo, ta kumbura in ya saki. Gangar Bjerknes ke nan, babu famfo babu bututu.

Saura a san dalilin da wadansu ke zuwa nan wadansu can. Mabuɗin ya fito daga hannun wani masanin rana, Marcel Minnaert na jami'ar Utrecht a ƙasar Holan, wanda ya so ya san abin da ke kuka in rafi yana gudu ko ana tsiyaya ruwa a tulu. Cikin 1933 ya nuna kumfa ce ke kukan, kowace ƙwaya kuma da muryarta, kamar yadda kanzagi ya ke da zaƙin murya tambari ya ke da kauri. Ƙwaya mai girman tsabar gero, faɗin milimita 2, tana kaɗawa wajen sau 3,300 a sakan. In ta ragu da rabi, muryarta ta ninka biyu. To, mai tura yaro a lilo ya san in ya tura a hankali lilo ya kan bi hannunsa, in kuwa ya gaggauta fiye da yadda lilon ke so, sai ya zama yana turawa lilo yana tahowa. Haka kumfa. Wadda ta ke ƙarama, muryarta ta fi sautin da aka jefa mata zaƙi, tana biyayya, ta kumbura daidai lokacin saki. Babba kuwa nawa ta ke yi, sai ta kumbura lokacin matsi.

In aka jefa sauti cikin kwalba ya bugi bango ya komo, mai tafiya da mai komowa su kan haɗu su yi wurare tsayayyu, nan matsi yana hawa da sauka da ƙarfi, can gaba kaɗan shiru. Ƙananan ƙwayoyi su kan nufi wurin ƙarfi, manya su tafi wurin shiru. Ƙanana biyu suna jan juna, manya biyu haka, amma ƙarama da babba ture juna su ke yi. Cikin 1949 wani masani a jami'ar Harvard, F. G. Blake, ya bayyana wannan, ya kira ƙarfin da sunan Bjerknes, sunan kuma ya zauna. Ƙarfin da sauti ke tura ƙwaya ɗaya da shi a kan ce masa na fari, wanda ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya na biyu. Masana'antu suka karɓi abin da hannu biyu. Da shi a ke tara iskar da ta narke cikin ruwa ko narkakken ƙarfe a fitar da ita, da shi kuma a ke wanke kayan agogo da kayan aikin likita, gama gudumar da ta ci farfela in an sassauta ta datti kaɗai ta ke ɓamɓarewa.

Duk wannan ƙa'ida tana tafiya daidai muddin sautin bai yi ƙarfi ba, ƙwaya tana kumbura kaɗan ta motse kaɗan, gwargwadon abin da aka tura ta. In sauti ya tsananta sai gwargwado ya ɓace. Noltingk da Neppiras a Ingila suka lissafta wannan cikin 1950: ƙwayar ta kan yi ta kumbura a hankali har ta ninka girmanta sau da yawa, sa'an nan ta rushe farat ɗaya, ta yi 'yan tsalle-tsalle, ta jira zagaye na gaba. Ƙara ƙarfin sauti kaɗan ya kan sake halinta ɗungum. Tun cikin 1934 ma Frenzel da Schultes na jami'ar Kolon a Jamus sun nuna ruwan da a ke jefa wa irin wannan sauti yana fid da wani ɗan haske mai rauni wanda ya kan baƙanta farantin ɗaukar hoto. Amma ƙwayoyin dubbai ne, suna haihuwa suna mutuwa cikin ƙiftawar ido, ba mai iya kama ɗaya ya auna ta. Shekara 55 aka yi a haka.

Cikin 1989 wani ɗalibi a jami'ar Misisipi ta Amurka, Felipe Gaitan, almajirin Lawrence Crum, ya rage iskar da ke cikin ruwan kwalbarsa, ya daidaita sauti, har ƙwaya ɗaya tak ta tsaya a tsakiyar kwalba. Ruwa yana so ya tura ta sama, ƙarfin Bjerknes yana jawo ta wurin ƙarfin sauti, ta rataya ba igiya. Da ya ƙara sauti kaɗan sai ta kama haske kamar tauraro, ana ganinta da ido in an kashe fitila. A zaune faɗinta bai wuce kashi 1 cikin 100 na milimita ba. Ta kan kumbura sau goma har ta kai kaurin gashin kai, ta rushe da saurin da ya fi na harsashi, ta yi walƙiya ɗaya wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan dubu na sakan ba, ta maimaita haka fiye da sau 20,000 kowane sakan. Cikin 1997 Detlef Lohse da abokansa suka nuna zafin da ke ciki yana ƙone sauran iskar ƙwayar duka ya bar iri ɗaya, argon, wadda ba ta kai kashi 1 cikin 100 na iskar da a ke shaƙa ba. Argon ɗin nan kuwa Lord Rayleigh ne da William Ramsay suka gano ta cikin 1894. Cikin 2005 Flannigan da Suslick na jami'ar Ilinoyi suka auna zafin digiri 15,000 cikin irin wannan ƙwaya, fuskar rana kuwa wajen 5,500 ce. Zafin nan ya ruɗi wadansu. Cikin 2002 wani masani a Amurka ya yi shelar ya sami irin wutar da ke ci a cikin rana a kwalbarsa, aka yi ta murna za a sami lantarki mai araha. Sauran masana suka gwada ba su ga kome ba, cikin 2008 kuma jami'arsa ta same shi da laifin rashin gaskiya a sha'anin binciken.

Abin da ya tabbata shi ne sauti mai tsanani yana juya ƙa'idar Bjerknes kanta. Tun cikin 1984 wata masaniya 'yar Rasha, Zabolotskaya, ta nuna ƙwayoyi biyu in sun matso kusa su kan sake wa juna murya, har ja ya koma turi. Shi ya sa a kan ga kumfa ta yi cunkus kamar nonon inabi, ƙwayoyin suna kusa amma ba su haɗe ba. Cikin 1997 ƙungiyar Werner Lauterborn, tare da Mettin da Akhatov, suka lissafta cewa ƙarfin da ke tsakanin ƙananan ƙwayoyi ya kan ninka abin da tsohuwar ƙa'ida ta faɗa sau dubbai, wani lokaci ya juya baya. Suka kuma nuna in ƙarfin sauti ya doshi ninki biyu na matsin iskar duniya, ƙaramar ƙwaya ta kan kumbura ta yi yawa har lokacin matsi ya riske ta ba ta motse ba, sai wurin da ke jawo ta ya koma korarta. Wannan ne iyakar tauraron Gaitan, in aka matsa masa ya tsere. A Gottingen aka yi wannan aiki, garin da tsoho Bjerknes ya fara jin karatun ruwa.

Likitoci sun shigo labarin ta wata ƙofa dabam. Cikin 1958 Ian Donald na birnin Gilasgo ya nuna ana iya duba cikin mutum da sautin nan, asalin hoton cikin da a ke yi wa mata masu juna biyu ke nan a asibitocin Kano da Zinder da ko'ina. Cikin 1968 Gramiak da Shah na Rochester a Amurka suka lura in an yi wa mutum allurar ruwa ana duban zuciyarsa, hoton jinin ya kan yi haske ƙwarai. Ƙananan ƙwayoyin iska ne da suka bi allurar. Iska mai yawa a jijiya kisa ta ke yi, amma ƙwaya mai girman ƙwayar jini tana wucewa ko'ina, muryarta kuma, bisa ƙa'idar Minnaert, ta yi daidai da sautin na'urar asibiti mai kaɗawa sau miliyoyi a sakan. Aka koyi yi musu ɓawo na sinadarin jini ko na kitse don su jima 'yan mintoci, cikin 1994 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da irin na fari, Albunex. Rashin gwargwadon nan ma ya zama alheri, domin ƙwayar ta kan mayar da amsa da murya mai ninki biyu na wadda aka jefa mata, tsoka kuwa ba ta yin haka sosai, saboda haka na'ura ta kan ware jini daga nama.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 Paul Dayton da Katherine Ferrara suka nuna ƙarfi na fari yana iya ture ƙwayoyin nan daga tsakiyar jijiya ya manna su ga bangonta, inda a ke so magani ya sauka, na biyu kuma yana tara su curi-curi. Taruwar tana da amfani tana da haɗari, gama gudumar da ta ci tagulla ba za ta ji tausayin jijiya ba. Saboda haka Apfel da Holland suka tsara wani ma'auni cikin 1991, wanda na'urorin duban ciki su kan nuna a gefen hoto, a Amurka kuma ba a yarda ya wuce 1.9 ba. Inda a ke son ɓarnar kuwa, da gangan a ke sakinta. Ran 7 ga Fabrairu 1980 a birnin Munik aka fara farfasa tsakuwar ƙodar mutum daga waje ba tare da yanka ba, rushewar kumfa kuma tana cikin abin da ke niƙe tsakuwar. Cikin 2015 likitocin Toronto a Kanada suka girgiza ƙwayoyin nan cikin jijiyoyin kan wata majinyaciya don maganin ciwon daji ya sami hanyar shiga ƙwaƙwalwa. Cikin Oktoba 2023 hukumar Amurka ta ba da izinin wata na'ura da aka ƙirƙiro a jami'ar Mishigan, wadda ta ke tara sauti a wuri mai girman ƙwayar shinkafa cikin hanta, ta ta da gajimaren kumfa a nan, ya narkar da ƙari ya bar naman da ke kewaye da shi.